Baba Sannu da Takalmin Makaranta

Duk unguwar babu wanda bai san ƙaramar bas ɗin Baba Sannu ba. Fara ce a da, amma rana ta cinye fentin har ta koma kalar shayin da madara ta yi wa yawa, kuma ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a ja. Tun da aka saye ta aikinta ɗaya ne, da safe ta kwashi yara zuwa makaranta, da rana ta dawo da su. Sunan ma yaran ne suka laƙaba masa, don ba ya barin kowa ya sauka sai ya ce, "Sannu-sannu, ƙasa ba gudu za ta yi ba." Waɗanda ya fara ɗauka yanzu wasu sun yi gemu, wasu na goye da nasu 'ya'yan, amma ko a kasuwa suka gan shi Baba Sannu suke kira, shi kuma ya amsa.

Ba mutum ne mai tarin abin alfahari ba. Gidansa ciki biyu da falo, kujerun falon sun lotsa a tsakiya, 'ya'yansa sun yi nisa sai dai waya. Abu ɗaya gare shi, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu: tun da ya fara riƙe sitiyari bai taɓa goga motarsa da ta wani ba. Ko zancen ciwon baya kuka fara da shi, sai ya san yadda ya yi ya karkato da hirar nan. Matarsa ta ji labarin har ta haddace. Da ya ce, "Ni fa tun da nake tuƙi," sai ta ƙarasa masa daga kicin, "Ko kaza ba ka taɓa takawa ba, mun ji." Ya yi kamar ya ji haushi, alhali daɗi yake ji.

Kuma gaskiyarsa ce. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya daddanna tayoyi da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko kyanwa ta kwana a wurin. A kan titi kuwa masu gaggawa sun sha wuya a bayansa. Su yi ta danna hon, shi ko ya fito da hannu ta taga ya yi musu alamar su wuce, fuskar nan tasa ko gezau.

Abin ya zo masa ne a hankali, yadda bai isa ya ce ga ranar da ya fara ba. Zai miƙa hannu ya ɗauki cokali sai ya ture kofin da ke gefe. Kafaɗarsa ta riƙa bugun bakin ƙofar ɗakin da ya yi shekaru yana shiga. Wani maƙwabci ya yi ƙorafi wai ya wuce shi a lungu ko kallo bai ishe shi ba. Da matarsa ta matsa, ya je asibiti yana gunaguni, likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ke gabansa sak yana gani tar, amma gefe da gefe duhu na cinyewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likitan ya ba shi maganin ɗigawa don a tsare abin da ya rage, ya ce wanda ya tafi kam ya tafi, sannan ya sassauta murya ya ce, "Tuƙi kuma, Baba, sai haƙuri." Baba Sannu ya saka maganin a aljihu ya fito da shi. Maganar tuƙin kuwa a bakin ƙofar asibitin ya bar ta.

An yi rigima a gidan, irin rigimar tsofaffi wadda ba a ɗaga murya amma abinci ya dawo kicin ba a taɓa ba. Ta ce ya ajiye. Ya ce zangon karatun nan kawai zai ƙarasa, ba ya barin iyaye a tsakiyar hanya. Zango ya ƙare, wani ya kama. Da ta ga ba zai sauka ba, wata safiya ta yafa mayafinta ta riga shi shiga mota, ta zauna a kujerar gaba.

"Ina zuwa kuma?" ya ce.

"Kwandasta ka samu. Tayar mu tafi."

Haka suka koma tuƙi su biyu. Shi yana kallon gaba, ita tana kallon duk abin da ba ya gani. Ba ta ɗaga murya, kada yara su gane. "Mai keke a hagu." "Tsaya, akwai mace da tire." "Dama babu kowa, shiga." In an zo ɗaukar yara ko sauke su, ita ke leƙa gefen ƙofa ta tabbatar kowa ya yi nisa da taya kafin ta ce masa ya tafi. Iyaye kuwa murna suka yi ta yi, wai an samu uwa a cikin mota, yara za su daina dambe. Har godiya ake zuwa yi musu, matar ta amsa da murmushin da bai wuce leɓe ba.

Kada a ɗauka mugunta ce ke damun mutumin nan. Tsoro ne. Ya san kansa a bayan sitiyari, bai san wane ne shi ba in aka raba shi da wurin. Amma tsoro ba ya hana abu zama kuskure, kuma 'ya'yan mutane ne a bayansa.

Motar da ke ɗaukar yara dole ta kasance da inshora, kuma duk shekara ake sabuntawa. Wakiliyar kamfanin da ke kula da tasa ba baƙuwa ba ce, a cikin motar nan ta girma. 'Yar Latti yake kiranta tun tana ƙarama, don kullum sai an jira ta, ta fito da gudu da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Yanzu ta zama babbar mace mai jaka da tabarau, amma ba ta yarda Baba ya hau benen ofishinsu ya bi layi. Ita take zuwa gida da kanta.

Ran da ta zo, ta durƙusa ta gaishe su, matar ta kawo mata ruwan sanyi, aka taɓa hirar da. Sannan ta ɗora jaka a cinya ta shiga tambayoyin da ta saba. Motar dai ita ce? Ita ce. Hanyar ba ta canza ba? Ba ta canza ba. Shi kaɗai ke tuƙawa? Shi kaɗai.

"To lafiyar jiki fa, Baba? Akwai abin da likita ya ce tun bara? Suga, hawan jini, ido?"

Kwalbar maganin tana kan talabijin, a bayan agogo. Matarsa ta kalli wurin, ta kalle shi, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane.

"Garau nake," ya ce. "Idon nan har allura yana zura wa zare."

Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙaryar muni, don ya san abin da ya sa ya zaɓe ta.

'Yar Latti ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, ba don na ƙi yarda ba, kowa haka nake gaya masa. In akwai wani abu, ni ce wadda ya kamata a faɗa wa. Abin da aka faɗa mini, zan nemo masa hanya. Wanda aka ɓoye mini kuwa, ranar da tsautsayi ya zo kamfani zai zare hannunsa, a bar mutum shi kaɗai da mutanen da aka ji wa ciwo."

"Ke 'Yar Latti, ni za ki karanta wa wannan? Ni fa tun da nake tuƙi..."

Ya dakata yana jiran a ƙarasa masa. Matarsa ta ci gaba da gyara bakin zanenta. Wakiliyar ce ta yi dariya ta ce, "Ko kaza, na sani."

Har ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Af, na kusa mantawa. Jikarka, 'yata ke nan, za ta fara makaranta zangon nan. A ajiye mata kujera. Babanta ya ce a nemi motar makarantar, na ce Allah ya kiyaye, ni babu hannun da na yarda da shi kamar na Baba."

Ta yi sallama ta tafi. Matar ta ɗauke kofin ruwan, ta tsaya a kansa.

"Malam, ka ji kanka kuwa? Yarinyar nan a gabanka ta yi wayo."

"Zangon nan ne kawai."

"Haka ka ce bara."

Yarinyar ta fara shiga mota, kuma ba ta bar komai na uwarta ba. Kullum sai an jira ta, kullum igiyar takalminta a kwance. Baba Sannu ya sa mata 'Yar Latti Ƙarama, yana tsokanarta wai gado ta ci. Yana sonta ƙwarai, kuma duk safiyar da ta shigo sai ya tuna ƙaryar da ya yi wa uwarta.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da matarsa. Da safe ta yunƙura za ta tashi, jiri ya mayar da ita. Ta riƙe masa hannun riga ta ce ya kira wani direban ya yi masa yau kaɗai. Ya ce hanyar da ya yi rabin rayuwarsa yana bi, ko ido rufe zai kai. Ya fita. Kai yara da safe ya tafi lafiya, sai dai wuyansa ya yi tsami saboda juya kai hagu da dama, ya kuma ji wani ƙarfin gwiwa da bai kamata ya ji ba.

Da rana ya tsaya a ƙofar makaranta, yara suka yi ta turereniya suna shiga. Ya ce, "Kowa ya shigo?" Suka haɗa baki suka ce e, yadda suke cewa kullum ko da rabinsu na waje. Wani babba a cikinsu ya ɗaga ƙofar ya ja ta. Baba ya kalli madubi, ya ga abin da idonsa ya ba shi, ya saki birki.

Tayar baya ta hau wani abu mai laushi ta sauka. A lokaci guda yaran da ke bakin taga suka ƙwala ihu.

Bai san yadda ya fito ba. Ya bi jikin motar da hannu har ya zagayo. Maigadin makaranta na tsaye riƙe da jakar bayan 'Yar Latti Ƙarama, ita kuma tana rataye a jikin jakar, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, tana kuka. Ta fito ne a makare da gudu, takalmin ya suɓuce daga hannunta ya gangara ƙarƙashin mota, ta durƙusa ta zura hannu. Maigadin ne ya fizgo ta baya. A kan kwalta ga takalmin nan baƙi, ya baje kamar an bi ta kansa da dutsen guga.

"Takalmina!" take cewa. "Mama za ta yi faɗa!"

Nan da nan mutane suka taru, kuma duk a bayansa suke. Maigadi ya ce yaran yanzu ba sa jin magana. Wata malama ta ce wa zai ga yarinya a ƙarƙashin mota, ai ko mai ido huɗu ne sai haka. Suka yi ta ba shi haƙuri, wani har ya kawo masa ruwa. Shi kaɗai ya san cewa yarinyar ta taho da gudu ta gefen ƙofa, a fili, da rana tsaka, kuma a shekarun baya da tun daga bakin get zai hango ta ya ce a buɗe wa 'Yar Latti. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin ya saka a aljihu. Ya ce kansa na juyawa, ya roƙi wani direban ya raba yaran gidajensu. Motar a nan ya bar ta.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Uwar yarinyar ce.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, an ce hankalinka ya tashi. Na yi mata faɗa sosai. Halina ta ɗauko, ni ma ai na sha ba ka wahala. Kada ka sa komai a ranka, Allah ya tsare, kuma da wani direban ne ba kai ba, da yanzu wani zancen ake."

Ya ce to. Ya ce Allah ya yi albarka. Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon bango. Hanya a buɗe take gare shi, babu wanda ya zarge shi, gobe zai iya ɗauko motarsa ya ci gaba kamar ba a yi ba. Ya fito da takalmin ya ɗora a gwiwa. Bai kai tsawon tafin hannunsa ba. Matarsa da ke kwance a doguwar kujera ta ga takalmin, ta ga fuskarsa. Ta juya ga bango ta yi kuka.

Washegari ta daure ta tashi, suka hau motar haya zuwa ofishin inshora. Direban matashi ne mai son birki, amma Baba bai ce uffan ba. Wajen tsallaka titi ta riƙe masa gwiwar hannu, karon farko a bainar jama'a, bai ƙwace ba. Suka hau bene, suka wuce kujerun jira da wata fulawar roba da ƙura ta rufe, har teburin 'Yar Latti.

Ta miƙe da sauri. "Baba! Mama! Ai da kun kira ni na zo."

Ya zauna, ya ajiye takalmin a kan teburin tsakanin wayarta da kofin shayi.

"Haba Baba, a kan takalmi? Har na sayo mata wani."

"Zauna, 'yata. Ran da kika zo gida kika tambaye ni ido, ƙarya na yi miki."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba. Likita, maganin da ke bayan agogo, dalilin da ya sa Mama ke zama a gaba. Ya ce yanzu haka da yake kallonta fuskarta kawai yake gani, kafaɗunta ma babu. Ya ce jiya yarinyar ba ta yi laifin komai ba, a daina yi mata faɗa.

Ta ɗauki takalmin ta juya shi, ta shafa inda zanen taya ya fito a jikin fatar. Da ta buɗe baki muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Na kawo maka 'yata, Baba. A bakin ƙofarka na tsaya na ce babu hannun da na yarda da shi kamar naka. Ka bar ni na tafi."

"Na bar ki."

"Mama, ke ma kina zaune."

"Ina zaune," matar ta ce. "Ba ni da bakin magana."

Wakiliyar ta goge ido da bayan hannu, ta mayar da tabarau, ta koma ma'aikaciya don ta iya ƙarasawa. Ta ce yau za ta sanar da kamfani, ba ta da zaɓi. Daga yau inshorar ba ta rufe motar in shi ne a sitiyari. Da jiya hannun yarinyar tayar ta hau, ko na ɗan wani, da bincike ya tono maganar asibiti, kamfani ya janye, a bar shi da iyayen yaro da kotu, ita kuma da ta sa hannu a kan maganarsa ta amsa tambaya. In ya samo direba mai lafiyar ido, za ta sa sunansa, mota ta ci gaba da aiki.

"Da ka faɗa mini ran nan a falo, abin da zan yi maka ke nan," ta ce. "Ba ƙari, ba ragi. Shi ke nan fa abin da ka ɓoye mini saboda shi."

Ya laluba aljihu ya fito da makullin motar ya miƙa mata. Ta girgiza kai ta ce ba nata ba ne. Matarsa ce ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi. Takalmin kuwa 'Yar Latti ta buɗe durowa ta saka, ba ta raka su bakin bene ba.

Ya bi gidajen iyayen yara da ƙafa ya faɗa musu da bakinsa. Wasu suka ce Allah ya ba da lafiya, wasu suka cire 'ya'yansu, wani ya faɗa masa maganar da har yau bai maimaita wa matarsa ba. Aka samo direba, mutumin kirki mai tsabta, sai dai yana sa wa motar giya kamar yana jin haushinta. Baba Sannu ya koma kujerar bakin ƙofa. Shi ke ɗaga ƙofar ya ja, shi ke sauka ya riƙe hannun kowane yaro har ya taka ƙasa, kuma mota ba ta motsi sai ya zagaya ta ya buga mata tafin hannu a jiki. Labarin kaza kuwa ba a sake jinsa a gidan ba, har matar ta fara kewarsa.

'Yar Latti Ƙarama ba ta dawo ba. Uwarta ke kai ta da kanta. Takardun sabon direba ma ta hannun abokin aikinta ta aiko. Duk da haka kowace safiya in an zo daidai get ɗinsu mai ruwan toka, Baba sai ya ce a ɗan tsaya. Direban ya gaji ya ce, "Baba, gidan nan fa ba mu da kowa." Ya ce ya sani, a dai tsaya. Su tsaya jim, get a rufe, su wuce. Bai taɓa ganin laifin uwar ba. Ya ce da shi ne ma haka zai yi.

Haka aka ƙarasa zangon, aka yi hutu, aka dawo. Safiyar farko suka tsaya kamar kullum, get a rufe kamar kullum. Direban ya sa giya. Baba yana kallon gaba, don haka bai ga komai ba, ji ya yi. Ƙarar sakata, sannan gudu a kan siminti, ƙafa ɗaya na ƙwas-ƙwas, ɗayar ba ta da sauti. Daga can ciki muryar mace ta ce, "Igiyar, ke! Ki ba Baba ya ɗaure miki!"

Ya ɗora hannu a kafaɗar direban.

"Taka birki," ya ce. "Akwai mai zuwa."

Ya ɗaga ƙofar ya ja, ya sauka, ya juya dukan jikinsa don ya gan ta sosai.